Karatu da Ƙagaggen Rubutu a Ajin Firamare: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Iyaye ba sa zama a aji. Abin da ke isowa gida shi ne littafin rubutu da jar biro ta bi ta kansa, da takardar sakamako a ƙarshen zango, sai kuma ɗan abin da yaro ya ga damar faɗa. Da waɗannan ake son uwa da uba su gane ko ɗansu na koyon karatu da gaske ko bin ayari kawai yake yi. Ga tambayoyin da suka fi damun iyayen 'yan firamare a kan karatu da rubuta labari. Duk inda aka ce "yaro", ana nufin mace da namiji.

Ɗana ya haddace haruffa daga A har Z, yana ma rera su. Ya kama hanyar karatu ke nan?

Ya taka mataki ɗaya, amma ba shi ne babba ba. Jera sunayen haruffa waƙa ce, ɗan shekara 3 ma na iya ɗaukar waƙa. Abin da ke buɗe ƙofar karatu shi ne yaro ya gane cewa maganar da ke fita daga bakinsa sautuka ne aka jera, kuma kowane sauti yana da alamar da ake rubuta shi da ita. A kunnen ƙaramin yaro kalmar "kaza" dunƙule ɗaya ce. Sai an nuna masa sannan zai ji gaɓa biyu, "ka" da "za", daga baya kuma ya ji cewa a cikin "ka" ɗin akwai baƙi da wasali.

Ku gwada shi ba tare da waƙar ba. Ku rubuta harafi ɗaya daga tsakiya, ku tambaye shi sautin da yake yi. Ko ku ce masa: in aka cire "ka" daga "kaza" aka sa "ma", me ta zama? In ya ce "maza", kunnensa ya buɗe. In ya tsaya yana kallonku, to nan ne aikin yake, ba a ƙarin rera haruffa ba.

To me malami ke koyarwa a darasin karatu, in ba haruffa kaɗai ba?

A 1997 majalisar dokokin Amurka ta nemi a kafa kwamitin masana da zai tace binciken da aka yi a kan koyar da karatu. Rahotonsa ya fito a 2000, ya kuma tsaya a kan abubuwa 5 da har yau ake gina manhajoji a kansu a ƙasashe da dama: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba tare da cijewa ba, yawan kalmomin da yaro ya sani, da fahimtar abin da aka karanta.

Akwai hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan duka. A 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun ce fahimtar karatu abu biyu ne aka ninka da juna: iya fitar da kalma daga rubutu, da iya fahimtar harshen in an yi magana da shi. Ninkawa suka ce, ba tarawa ba, domin in ɗaya ya zama sifili sakamakon ma sifili ne. Yaron da ke gane labari sarai in an karanta masa amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba, bai iya karatu ba tukuna. Wanda ke furta kowace kalma daidai cikin harshen da ba ya ji, shi ma sauti kawai yake fitarwa. Kusan duk matsalar da za ta zo a ƙasa, ɗaya daga cikin biyun nan ne ya yi rauni, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa in yaro na shan wahala, abin da za a fara bincika shi ne wanne ne daga cikinsu.

Ba wanda ya koya masa magana, da kansa ya tsinta. Me zai hana karatu ya zo haka in an wadata shi da littattafai?

Magana da ita aka halicci ɗan Adam. Rubutu kuwa ƙirƙira ce da ba ta wuce kimanin shekara 5,000 ba. Ƙwaƙwalwa ba ta zo da sashen karatu a shirye ba. Sashen gane siffofin abubuwa take ara ta haɗa shi da sashen magana, kuma wannan haɗi sai da koyarwa da maimaici. Akwai yaran da ke gano hanyar da taimako kaɗan, su ne ke sa a ɗauka kowa ma haka ne. Mafi yawa sai an zaunar da su an nuna musu filla-filla, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

An daɗe ana gardama a kan wannan a ƙasashen da ke karatu da Ingilishi. Wani ɓangare na ganin a bar yaro ya riƙe siffar kalma gaba ɗaya, wadda bai sani ba kuma ya canka daga hoto ko daga yadda jimla ta taho. Bayan rahoton da Jim Rose ya rubuta wa gwamnati a 2006 a kan koyar da karatu, Ingila ta tsayar da koyar da sauti da harafi bi da bi a makarantunta. Daga 2012 kuma ɗan aji ɗaya yana zama da malaminsa ya karanta kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana. Hikimar ita ce kalmar da babu ita ba a haddace ta, ba a kuma cankar ta. Sai wanda ya iya haɗa sautuka zai fitar da ita.

A ganina canke daga hoto ɗabi'a ce mai sauƙaƙa wa yaro a aji ɗaya, ta kayar da shi a aji huɗu, lokacin da hotuna suka ragu kalmomi suka yi tsawo. In ya cije a kan kalma, kada a ce masa "dubi hoton". A ce "dubi harafin farko, mu bi ta a hankali". Littattafai a gida suna da babban aiki, amma aikinsu shi ne ciyar da ɗaya ɓangaren, wato harshe da son labari.

'Yata na karanta littafin ajinsu tiryan-tiryan, amma in na ba ta wani sai ta yi shiru. Me ke faruwa?

Hadda ce, kuma ita ce abin da ya fi ɓoye wa iyaye da malamai gaskiyar lamari. In malami ya karanta jimla aji ya amsa baki ɗaya, aka maimaita sau da yawa, yaro mai kaifin kunne zai kwashe shafin duka. Zai ma iya bin layi da yatsa ya juya shafi a inda ya dace. Muryarsa ta ɓace cikin ta sauran, malami ya ji aji na amsawa da ƙarfi ya ɗauka darasi ya zauna. Haka yaro zai yi ta hawa daga aji zuwa aji ba wanda ya taɓa sauraronsa shi kaɗai.

Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce. A 2019 Bankin Duniya da UNESCO sun ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a shekara 10. Bayan rufe makarantu saboda korona, ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70. Da yawan waɗannan yara suna zuwa makaranta kullum.

Gane hadda ba wuya. Ku ɗauki kalmomi biyar daga shafin da ta "iya", ku rubuta su a wata takarda ba bisa jerinsu ba. Ko ku ce ta karanta jimlar daga ƙarshe zuwa farko. In ta kasa, kada ku tsawata mata, domin abin da aka nema daga gare ta shi ta yi, ta kuma yi shi da kyau. A koma da ita baya kan sauti da gaɓa ba tare da kunyatarwa ba. Yarinyar da ta iya haddace shafi guda tana da basirar koyon haɗa haruffa, kuma in an dage kullum sau da yawa abin ba ya daɗewa.

A shekara nawa ya kamata a ce yaro ya iya karatu?

Babu rana guda. A Ingila yara na shiga makaranta tsakanin shekara 4 da 5, a Finland kuwa sai shekarar da suka cika 7, kuma yaran Finland ba su zama baya a karatu ba. Harshen da ake koyo da shi ma yana da tasiri. A wani bincike na 2003, Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta yara masu koyon karatu a harsunan Turai 13. Inda harafi da sauti suka yi daidai da juna, kamar Italiyanci da harshen Finland, yawancin yara sun iya karanta kalmomi kafin shekarar farko ta ƙare. Masu koyo da Ingilishi sun ɗauki fiye da ninkin wannan lokaci, saboda harafi ɗaya na iya ɗaukar sautuka da yawa.

Abin lura ya fi shekaru muhimmanci: shin yana matsawa daga zango zuwa zango? In an shekara ana koya masa sauti da harafi yadda ya kamata amma bai iya haɗa gaɓa biyu ba, lokacin magana da malami ya yi.

Harshen gida daban, na makaranta daban. Koyon karatu da harshen gida ba zai jinkirta shi ba?

A'a. Tun 1953 UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma dalilin yana cikin lissafin ninkawar nan da ya gabata. Yaron da ke koyon karatu da harshen da yake ji aiki ɗaya ke gabansa, wato gano yadda rubutu ke aiki. Da ya fitar da kalma zai ji ta, ya san ya yi daidai. Wanda aka fara da baƙon harshe aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda, kuma ba shi da hanyar sanin ko abin da ya furta kalma ce. Jim Cummins na Kanada ya yi bayani tun 1979 cewa ƙwarewar karatu na ƙetarawa daga harshe zuwa harshe. Sau ɗaya ake koyon cewa harafi na wakiltar sauti.

In makarantarsa da wani harshe take koyarwa, kada ku daina yi masa magana mai zurfi da labari da harshenku. Abin da ya fahimta da harshen gida shi zai ɗora sabon harshen a kai.

Yana juya b ta zama d, wani lokaci ya rubuta lamba a juye. Ciwo ne?

A shekarun farko wannan abu ne da aka saba gani. Kafin yaro ya haɗu da rubutu, idonsa ya saba da cewa kujera kujera ce ko ta fuskanci dama ko hagu. Masanin ƙwaƙwalwa na Faransa Stanislas Dehaene ya yi bayanin cewa mai koyon karatu sai ya warware wannan sabo, domin a rubutu juyawa na canza harafi. Rubuta harafin da hannu ana furta sautinsa yana taimakawa, a kuma koyar da b sai ta zauna kafin a kawo d. In abin ya ci gaba har yaro ya wuce shekara 7 zuwa 8 da haihuwa, tare da wahalar haɗa sautuka, sai a ƙara bincike.

Yana furta kalmomi daidai, amma in na tambaye shi me ya karanta sai ya ce ya manta.

Abu biyu ke kawo haka. Na farko jinkiri: in yana fama da kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya gudu, domin duk ƙarfin tunaninsa ya tafi wajen haɗa haruffa. Maganin wannan shi ne ya karanta ɗan gajeren rubutu da ƙarfi, wani na saurare yana gyara masa, ya sake karantawa sau biyu ko uku har muryarsa ta koma kamar ta mai magana. Bambancin wannan da hadda shi ne idonsa na kan kalmomin, kuma gobe wani rubutun za a ba shi.

Na biyu ƙarancin kalmomi da sanin duniya. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun ba wasu ɗaliban ƙaramar sakandare a Amurka rubutu a kan besbol, wani wasa da ake bugun ƙwallo da sanda. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimtar rubutun. Wato mai karatu da guzurinsa yake zuwa shafi. Jeanne Chall ta jami'ar Harvard ta lura cewa yara da dama na tafiya lafiya sai a aji huɗu su ja baya, lokacin da aka tashi daga koyon karatu aka koma koyo ta hanyar karatu, littattafai suka cika da kalmomin da ba a amfani da su a hirar yau da kullum. Don haka darasin kimiyya da na tarihi da labarin da malami ke karanta wa aji ba ɓata lokacin karatu ba ne. Su ne ke tara guzurin.

Yaron da bai gama iya rubuta kalmomi ba, mene ne amfanin sa shi ya ƙagi labari? Ba gara shifta da kwafe daga allo ba?

Shifta tana da gurbinta, kwafe ma haka. Amma a cikinsu duka wani ne ya yi tunanin, yaro hannu kawai ya bayar. Ranar da aka ce masa "rubuta naka", ranar ce zai fara yin abin da marubuci ke yi: ya nemo abin faɗa, ya zaɓi wanda zai fara zuwa, ya riƙe jimlar a ka, ya rarraba kowace kalma zuwa sautukanta, ya nemo harafin kowane sauti, duk yana tuna cewa wanda zai karanta ba ya cikin kansa. Wannan na ƙarshe shi ne darasi mafi girma. A magana in ba a gane ba sai ya nuna da hannu ko ya sake faɗa. A takarda in ya rubuta "sai ya gudu", mai karatu zai tambaya: wa ya gudu? Daga irin wannan tambaya yaro ke koyon fayyace tunani.

Kuma rubutu na komawa ya ƙarfafa karatu. A rahotonsu na 2010, Steve Graham da Michael Hebert sun tattara bincike da dama suka nuna cewa sa ɗalibai su yi rubutu a kan abin da suka karanta na ƙara musu fahimta, haka ma koya musu ƙa'idar rubuta kalma da gina jimla. Yaron da ya taɓa wahalar nemo yadda zai buɗe labarinsa, in ya ɗauki labarin wani da wani ido zai karanta shi.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da maki. Yaro na kwana yana tashi cikin umarnin manya. A labarinsa ne kaɗai shi ke yanke wanda zai yi nasara da wanda zai sha kashi. Tsoron da ba zai iya faɗa da baki ba sau da yawa yakan ɗora wa tauraron labarinsa, kuma malami mai lura yana sanin ɗalibansa ta nan fiye da ta jarrabawa.

Labarin da ta rubuta cike yake da kurakurai, amma malamarsu ba ta gyara duka ba. Sakaci ne?

Ba lallai ba ne, wataƙila ma ƙwarewa ce. A 1971 Charles Read ya nazarci rubutun yara ƙanana da ba a koya musu ƙa'ida ba, ya gano cewa kurakuransu ba shirme ba ne, suna bin tsari: yaro na rubuta sautin da ya ji da harafin da ya fi kusa a saninsa. Wadda ta rubuta "mkrnta" a maimakon "makaranta" ta ji baƙaƙen duka, a jere kuma, wasula ne ba su zauna ba. Wannan kuskure ya faɗa wa malama abin da za ta koyar gobe. Mai tatata ba a hana shi tafiya don yana faɗuwa.

In aka zane shafin yarinya da ja tun daga sama har ƙasa, darasin da za ta ɗauka shi ne ta rubuta kaɗan, ta kuma tsaya ga kalmomin da ta tabbatar. Za ta so ta ce "ya firgita" ta koma "ya ji tsoro" don ita ta iya rubutawa, labarin ya bushe. Malama mai hikima takan fara amsa labarin kansa, ta ce "na so in san abin da ya faru da kuren nan", sannan ta zaɓi abu ɗaya ko biyu na gyara, musamman abin da aka riga aka koyar.

Wannan ba ya nufin a bar kuskure ya zauna har abada. Ƙa'idojin rubutu ana koyar da su kai tsaye a darasinsu, kuma rubutun da za a liƙa a bango ko a karanta wa jama'a sai an tace shi. Tambayar da ta dace ku yi wa malama ita ce: "Wane abu kike son ta gyara a wannan zangon?" In tana da amsa, ba sakaci ba ne.

Kullum sai ya ce "ban san abin da zan rubuta ba".

Sau da yawa laifin taken ne, ba na yaron ba. "Rubuta insha'i a kan makarantarku" ba ya motsa kowa. Labari na tashi ne in akwai wanda ke son wani abu, kuma akwai abin da ya tare shi. Ku gwada: yarinya ta tsinci makulli, ta gwada shi a duk ƙofofin gida bai buɗe ba, saura ɗaya. Ko: kare ya wayi gari yana jin maganar mutane. Ku ga yadda bakin yaro zai buɗe.

Kuma baki ne farko. Yaron da bai iya faɗin jimla ba ba zai iya rubuta ta ba. A aji mai kyau yara kan ba juna labarin da baki, su zana shi cikin hotuna uku ko huɗu, sannan a ɗauki fensir. Malami kan yi rubutu a allo a gabansu yana tunani da ƙarfi, ya rubuta jimla, ya ce bai gamsu ba, ya goge, ya nemi shawararsu. Ganin babba yana gogewa yana cire wa yara tsoro ƙwarai. Donald Graves, wanda ya zauna a azuzuwan firamare na Amurka a shekarun 1970 da 1980 yana kallon yadda yara ke rubutu, ya dage a kan a ba su lokaci a kai a kai, a bar su su zaɓi abin da za su rubuta, a kuma koya musu cewa rubutu mataki-mataki ne: shiri, zubin farko, sake dubawa, tacewa, sannan a ba wasu su karanta.

Sai dai 'yanci kaɗai bai isa ba. Yaro na buƙatar a koya masa jimla: inda take farawa, inda aya ke zama, yadda "amma" da "saboda" da "don haka" ke juya tunani. Ku ba shi rabin jimla, "Ya ƙi shiga ɗakin saboda...", ya ƙarasa, sannan ku canza "saboda" zuwa "amma". Minti biyar na wannan na gyara rubutu fiye da shafi biyu na kwafe.

Labaransa duk kwaikwayon tatsuniyoyi ne da abin da ya gani a talabijin. In hana shi?

Kada ku hana. Da aro kowane mai ba da labari ke farawa. Ku dai tura shi gaba kaɗan: ya canza ƙarshen, ko ya ba da labarin ta bakin mugun, ko ya sa kansa a ciki. Abin da za a hana shi ne kwafe kalma da kalma ya ce nasa ne.

Yanzu zamanin waya da kwamfuta ne. Har yanzu rubutun hannu na da muhimmanci?

A matakin farko, ƙwarai. A 2012 Karin James da Laura Engelhardt sun sa yara 'yan shekara 5 da ba su iya karatu ba su rubuta haruffa da hannu, ko su bi sawunsu, ko su danna su a kwamfuta, sannan suka ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan. Sassan da ke aiki wajen karatu sun fi motsawa bayan rubutun hannu. Ban da haka, yaron da hannunsa bai saba ba yakan manta abin da zai faɗa yana fama da siffar harafi. Ba kyan rubutu ake nema ba, sauƙinsa ake nema, da kuma a iya karanta shi.

Ajinsu ya cika maƙil, malami ɗaya ne. Akwai abin da zai yiwu?

Akwai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin da ake gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a gano inda ya tsaya: bai san harafi ba, ko yana kan harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko labari. Sai a raba yara rukuni-rukuni bisa matakinsu, ba bisa aji ko shekaru ba, na wani ɓangare na yini. An gwada tsarin sau da yawa tare da masu bincike, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019, kuma ƙasashe irin su Zambiya sun ɗauke shi. Ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Abin da yake buƙata shi ne a yarda a koyar da yaro daga inda yake, ba daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai ba.

Yaushe ne ya kamata hankalina ya tashi?

In yaro na samun koyarwa mai kyau, yana zuwa makaranta, amma sautukan haruffa ba sa zama, ba ya jin kalmomin da suka yi amo ɗaya, yana karanta kalma a layi na farko ya kasa gane ta a na uku, ko ya fara ƙin makaranta da ciwon ciki duk ranar karatu. Ku fara da duba ido da kunne a asibiti. In lafiya suke, a nemi mai ƙwarewa ya duba ko disleksiya ce, wato wahalar haɗa sauti da rubutu. Ba ta da alaƙa da daƙiƙanci ko lalaci. Tun 1896 likitan Ingila Pringle Morgan ya ba da bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da karatu ya gagare shi. Sau da yawa takan bi dangi. Irin waɗannan yara suna koyon karatu, amma da koyarwa mai tsari, a hankali, da maimaici mai yawa.

Kada a ce a jira ya girma. Keith Stanovich ya nuna a 1986 yadda ƙaramin giɓi ke faɗaɗa: mai iyawa na jin daɗi ya ƙara karantawa ya tara kalmomi, mai wahala na gudun littafi ya ƙara zama baya. Duka da gori kuwa ba su taɓa zaunar da harafi a kan yaro ba, sai dai su haɗa masa karatu da fargaba.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Me zan iya yi masa a gida?

Rabin lissafin nan, wato harshe, a hannunku yake. Ku ba shi labari, ku tsaya a tsakiya ku tambaye shi me yake ganin zai faru. Ku bar shi ya ba ku nasa har ƙarshe ba katsewa. Ku ce ya karanta muku minti goma kullum. Ko ba ku iya duba shafin ba, kunnenku zai gaya muku in maganar ba ta yi ma'ana ba, sai ku ce "sake karanta wurin nan, ban gane ba". In ya kawo labarin da ya rubuta, ku ce ya karanta muku da bakinsa, ku yi tambaya a kan mutanen ciki. Masu iya karatu kuma kada su daina karanta wa yaro don ya fara iyawa da kansa, domin kunnensa na ɗaukar labarin da ya fi ƙarfin idonsa har shekaru da dama.

In na je wurin malaminsa, me zan tambaya?

"Yaya ƙoƙarinsa?" ba za ta ba ku komai ba sai "yana ƙoƙari". Ku tambaya da ladabi: Malam, yaushe ka saurare shi yana karatu shi kaɗai, kuma rubutun da bai taɓa gani ba ne? Waɗanne sautuka ne ba su zauna masa ba? Wahalarsa a fitar da kalma take ko a fahimta? Sau nawa a mako suke rubuta abin da ya fito daga kansu? Sannan ku roƙi a nuna muku littafin rubutunsa, ku buɗe shafin farkon zango da na wannan mako ku ajiye su gefe da gefe. Ku duba ko jimlolin sun ƙara tsawo, ko wasulan da ke ɓacewa sun dawo, ko ya fara sa aya da kansa. Kafin ku tashi, ku nemi malam ya faɗa muku abu guda da za ku riƙa yi da shi a gida, ku kuma sa ranar da za ku dawo ku sake duba littafin tare.